Motar da Kowa Ya Ƙi Wankewa

Yau ba da fara'a na zo muku ba, masu karatu. Ku yi haƙuri da ni. Idan ban zauna na amayar da abin da ke cikina ba, wallahi zan iya buga wayar nan da ƙasa.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarina, ni ce auta a gidanmu. Ni da Yaya, babban wanmu, muna shirin buɗe wurin tsaftace motoci. Ba irin wankin bakin titi ba na a watsa ruwa a goge da tsumma a ce an gama. Irin wanda ake cire kafet, a bi kowane lungu da burushi, a mayar da mota kamar yau aka ɓare ta daga leda. Mun samu wani tsohon gareji mai ƙofar ƙarfe, mun yi masa fenti, mun ja famfo, injin zuƙar ƙura ma ya iso. Abu ɗaya ya rage, allon da za a kafa a saman ƙofa a rubuta ayyukan da za mu riƙa yi. To a kan wannan allon aka ɓata min rai.

Ranar da mai rubutun allo ya zo, wani dattijo ne mai fenti har a gemu, ya jingina allon da bango, ya buɗe gwangwaninsa, ya dube mu.

"To, me zan rubuta?"

Yaya ya gyara tsayuwa, ya zuba hannu a aljihu kamar mai kamfanin jirgin sama. "Rubuta wankin jiki, da folish, da wankin inji, da liƙa baƙar leda a gilashi."

"Cire wankin inji," na ce.

"Saboda me?"

"Saboda motocin yanzu duk wayoyi ne a ciki. Ka watsa ruwa mai ƙarfi ta ƙi tashi, mai ita ya shimfiɗa tabarma a ƙofarmu. Baƙar ledar ma a cire."

"Auta, ita samari ke so!"

"Wa zai liƙa? Kai da ko gilashin fuskar waya ba ka iya liƙawa ba sai iska ta yi masa ƙuraje?"

Dattijon ya tuntsire da dariya har burushinsa ya ɗiga a ƙasa. Yaya ya harare ni, amma ya haƙura, don ya san gaskiya na faɗa. Haka muka yi ta ja har muka tsaya a kan wankin jiki, da folish, da wankin kujeru da kafet, da goge fitilun gaba da suka yi hazo, da fitar da wari daga cikin mota. Dattijon ya rubuta su da shuɗin fenti, gwanin kyau. Saura fili a ƙasa.

Sai na ce, "Baba, a nan ƙasan ka rubuta: Muna wanke motar da lalura ta faru a cikinta. Jini, amai, haihuwa."

Yaya ya juyo a hankali.

"Me kika ce?"

"Ka ji ni."

"A allo? A bakin titi? Jini? Ke kina da hankali kuwa? Wane mai babbar mota ne zai kawo motarsa inda ake wanke jini? Zai ce da soson da kika goge aman wani za ki goge masa sitiyari!"

"Kayan aikinsu daban, wurinsu daban, can baya. Na riga na ware."

"Ba za a rubuta ba."

"Yaya, ka manta da me ya kawo mu garejin nan?"

Ya dubi dattijon ya ce, "Bar wurin haka. Ka tafi, za mu neme ka." Ya ɗauki makullinsa ya fice.

Bari in faɗa muku abin da Yaya yake so a manta. Bara Babanmu ya rasu, kuma ba a kan gado ya rasu ba. A kujerar bayan motarsa ya cika, a hanyar asibiti, kansa a kan cinyata, yana aman jini. Yaya ne ke tuƙi. Bayan an share makoki, motar ta zauna a tsakar gida an rufe ta da tamfol, kowa yana kauce mata kamar ita ta yi laifin. Da Yaya ya daure ya fita da ita, duk wurin wankin da ya kai, da sun buɗe ƙofar baya sai su toshe hanci su ja da baya. Wani ma cewa ya yi a cire kujerar a ƙone. Kujerar da Baba ke ɗaukar mu zuwa makaranta a kai.

Ni na wanke ta. Ban iya komai ba a lokacin. A waya na yi ta kallon yadda ake yi, na koyi cewa da ruwan sanyi ake fara wa jini, don ruwan zafi dafa shi yake yi ya kama yadi. Na ari sifana na kwance kujerar, na ga yadda ya ratsa har cikin soso, har ƙarƙashin kafet. Ina kuka ina gogewa, ina gogewa ina kuka, har ranar da na buɗe motar na ji babu ƙarni. Ranar ce Mama ta iya sake shiga cikinta. Daga nan maƙwabta suka fara kawo min nasu, har aka zo maganar gareji. Yanzu kuma a ce aikin da ya haifi sana'ar shi ne abin kunya?

Da na koma gida na tarar da labari ya riga ni. Gwaggo, yayar Baba, tana zaune a babbar kujerar falo ta baje mayafinta, ga kofin shayi a gabanta ya huce don tsabar magana. Mama na gefe tana ninke kayan wanki, ba ta ɗago ba.

"Zo nan, mai wankin jini," in ji Gwaggo.

Na durƙusa na gaishe ta, haƙorana a cije.

"Ba gaisuwa nake so ba. Mun yi shiru kin zama mai wankin mota, mace da ke, da takardun makarantarki a akwati. Yanzu kuma sai ki ɗaga allo ki sanar wa duniya? Gobe fa uwar yaron nan za ta zo ganinki. Me za mu ce mata? 'Yarmu tana kwashe aman mutane?"

Yaron da take nufi shi ne wanda ke nemana. A gidanmu Ɗan Banki ake ce masa, saboda a banki yake aiki. Dogo ne, mai sanyin murya, rigarsa kullum a goge har tana yankan ido. A layinmu muka haɗu lokacin da ya kawo min motarsa da madara ta zube a but ɗin baya ta yi tsami. Ya tsaya yana kallona ina aiki, ya ce bai taɓa ganin mai ɗaukar sana'arta da girma kamar ni ba. Da wannan maganar ya shiga zuciyata. Ku riƙe ta da kyau.

Na shige ɗaki na faɗa kan gado na rubuta masa:

"Yau ni da Yaya mun yi faɗa a kan allo."

Nan take ya amsa: "Ayya Autata. Kar ki sa damuwa a ranki. Wataƙila Yaya yana da dalilinsa."

"Kai me ka gani? In rubuta ko kar in rubuta?"

"Duk abin da kika zaɓa ina bayanki. Wane kaya za ki sa gobe?"

Na yi murmushi kamar wawiya, har na ɗauki hoton doguwar rigar da tela ya kawo, ruwan zuma mai duwatsu a wuya da hannu, na tura masa. Ya turo zukata jere.

Washegari tun da hantsi gida ya kacame. An canza labule, an fito da farantan da ba a taɓawa sai baƙi, turare ya cika ko'ina har yana sa tari. Gwaggo ta zaunar da ni gaban madubi tana ɗaura min ɗankwali, tana ja kamar da kaina take faɗa.

"Kuma ki ɓoye hannuwan nan cikin mayafi," ta ce. "Dubi farce duk sabulu ya cinye. In ta tambaye ki aikinki, ki ce kina kula da ofishin yayanki."

"Gwaggo, ba mu da ofis."

"To ki yi shi da baki! Yarinya sai taurin kai. Shi kansa yaron sai da ya kira Yayanki tun makon jiya yana roƙo a hana ki wannan rubutun, don kar ki kunyata shi a gaban..."

Ta cikin madubi na ga Mama ta tsaya cak a bakin ƙofa da tire a hannu.

"Ya kira wa?" na ce.

"Ke, ɗago kai in gama ɗaurin."

"Gwaggo, ya kira wa?"

Jama'a, kun taɓa jin zafi ya taso muku daga tafin ƙafa har ƙwaƙwalwa? Tun makon jiya. Wato ranar da na zauna a motarsa na faɗa masa burina, na ba shi labarin Baba, na yi kuka ya miƙo min hankici, daga sauke ni ya ɗauki waya ya kira Yaya. Ni kuma jiya ina tura masa hoton riga.

Na fizgi wayata na rubuta wa Ɗan Banki:

"Kai ka ce wa Yaya ya hana ni?"

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta sake dawowa.

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Auta, ki fahimce ni. Mamata ba za ta gane irin wannan aikin ba. Na ce ne a jinkirta kawai. Bayan aure sai mu duba."

"Mu duba? Sana'ata ce ko taka?"

"Don ke na yi. Ba na so a raina ki."

"Ai ka riga kowa."

Na kife wayar. Ta yi ta ruri a kan madubi, ban ko kalle ta ba. Da a fuskata ya ce ba ya so, da mun yi musu, ko ya rinjaye ni ko in rinjaye shi. Amma ya zagaya ta bayana ya haɗa ni faɗa da ɗan'uwana, ya dawo yana ce min yana bayana! Ashe da gaske a bayana yake, yana haƙa min rami.

Gwaggo ta sulale ta fita tana gunaguni. Mama ta ajiye tiren ta zauna a bakin gado. Na zaci faɗa za ta yi, har na shirya amsa.

"Auta," ta ce a hankali, "ni ba ruwana da abin da mutane za su ce. Abin da nake tsoro daban ne. Duk motar da kika buɗe irin wannan, Babanki za ki gani. Kullum. Yaushe za ki huta?"

Maganarta ta ƙara min haushi, don ita kaɗai ta faɗi abin da ya taɓa ni.

Wayar ta sake ruri. Na ɗauka zan kashe ta gaba ɗaya, sai na ga baƙuwar lamba.

"Salamu alaikum. Ke ce mai wankin mota? Mai rubutun allo ne ya ba ni lambarki, maƙwabcina ne." Muryar babban mutum ce, a gajiye. "Ni direban tasi ne. Jiya mota ta buge wani mai babur a gabana, kowa ya tsaya yana ɗaukar hoto, ni na ɗauke shi na kai asibiti. Alhamdu lillahi yana da rai. Amma kujerar baya, 'yata... Na zaga wuraren wanki, kowa ya ƙi. Fasinja in ya buɗe ƙofa sai ya fasa shiga. Da motar nan iyalina ke ci. Ga ni a ƙofar garejinku."

Na dubi Mama. Ta ji komai, don ɗakin shiru ne. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baƙin sun kusa fa."

Ba ta ce kar in je ba. Na ɗauki makullin gareji na bi ta ƙofar baya, da rigar ruwan zumata da ɗaurin Gwaggo a kai.

Na same shi zaune a kan bulo a inuwar bango, ya rafka tagumi, furfura ta fara cin gashinsa. Da ya ga kwalliyata ya miƙe da sauri.

"Subhanallahi, biki za ki je? Ki bari sai gobe."

"Kafin gobe jinin ya gama kama soso, Baba. Shigo da motar can baya."

Na zura rigar leda a kan kayana, na sa takunkumi da safar hannu biyu, na buɗe ƙofar baya. Ƙarnin ya doke ni. Mama ta yi gaskiya, Babanmu na gani. Na ga farar rigarsa, na ji nauyin kansa a cinyata. Na dafa rufin motar. Sannan na ɗauko sifana na fara kwance kujera.

Direban ya kama min muka fito da ita muka ɗora a kan benci. Jinin ya bushe a sama ya yi baƙi, amma da na danna yadin sai ya tsatso. Ya gangara ta ramin bel ɗin kujera har ƙarƙashin kafet. Na zare yadin, na jiƙa shi da ruwan sanyi, na zuba magani, na bar shi ya tsumu. Kumfar ta fara fitowa ja-ja.

"Ba kya ƙyama?" in ji direban.

"Kai ka yi ƙyama da ka ɗauke shi?"

Sai na ga yana goge ido da bakin hularsa.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Duwatsun hannun rigata sun jiƙe, ɗankwalin ya zame ya koma ƙeya, gumi ya wanke hodar da Gwaggo ta shafa min. Wayata na kan taga tana ta haske. Sau ɗaya na leƙa. Gwaggo ta kira har ta gaji. Yaya ya rubuto da manyan baƙaƙe: "KINA INA? SUN ZO. KIN KASHE MU DA KUNYA." Na mayar da ita na ci gaba da gogewa.

Yaya ne ya fara isowa. Tun daga ƙofa nake jin muryarsa.

"Auta! Wace irin yarinya ce ke? Mata ta taso takanas saboda ke, an zaunar da ita a falo ana ta ƙirƙiro ƙarya, ke kina nan..."

Ya zagayo baya, ya ga kujerar a kan benci, ya ga ruwan da ke gangarawa cikin kwata. Ya kau da kai da sauri, ya dafa bango. Tun ranar Baba bai sake kallon irin wannan ba, na sani. Na ɗan ji tausayinsa, amma haushina ya fi yawa.

"Ka faɗa min tun farko cewa aiko ka aka yi," na ce. "Ka tsaya kana min wa'azin masu manyan motoci, ashe saƙon Ɗan Banki kake isarwa."

"Ba don shi kaɗai ba ne," ya ce, har yanzu bai juyo ba. "Ni ba zan iya shigowa nan kullum ina jin wannan warin ba. Ba zan iya ba, Auta."

"To da ka faɗi haka! Da na ji! Kowa a gidan nan yana da dalilinsa, amma ba mai faɗa min gaskiya sai ya naɗe ta da ƙarya!"

Kafin ya amsa, muka ji tsayuwar mota a waje. Na san ƙarar injin. Takalmi mai ƙwas-ƙwas ya ratso garejin, sai ga Ɗan Banki cikin farar shadda, ƙamshinsa ya riga shi isowa. Ya dube ni daga ɗankwali har silifas, ya dubi benci, ya sa bayan hannu a hanci. Ya yi saurin saukewa, amma na riga na gani.

"Auta, don Allah," ya ce ƙasa-ƙasa. "Cire kayan nan ki wanke hannu. Mamata na cikin mota. Ta matsa sai na kawo ta inda kike. Na ce mata kin zo duba ma'aikata ne. Wannan bawan Allah sai ya riƙe burushin na ɗan lokaci."

Na dubi direban da ya tsaya rakuɓe kamar shi ya yi laifi. Na dubi Yaya. Na dawo da ido kan mutumin da ya ce bai taɓa ganin mai girmama sana'arta kamar ni ba.

"Ba ni da ma'aikata," na ce da ƙarfi, yadda za a ji har waje. "Ni ce ma'aikaciyar. Wannan jinin mutum ne da aka ceto daga titi, kuma ni nake wanke shi, kuma gobe za a rubuta a allo ko da hannuna ne. In mahaifiyarka tana son ganina, ga ni. Ba zan cire komai ba."

"Ki rage murya mana!"

"Ba zan rage ba!"

Sai muka ji an buɗe ƙofar mota, an rufe. Taku a hankali, da ƙarar sanda a kan siminti. Wata dattijuwa ce siririya, da farin gilashi da mayafi ruwan toka. Ta ratsa ta gefen injin zuƙar ƙura, ta tsallake tiyo, ta zo har bakin bencin. Ba ta toshe hanci ba. Ta daɗe tana kallon kujerar, sannan ta ɗago ta kalle ni, ni kuma na kasa karanta komai a fuskarta. Burushi na hannuna, jar kumfa na ɗiga a kan silifas ɗina, ko gaisuwa na kasa yi.

"Mama, bari in yi miki bayani," in ji Ɗan Banki.

Ba ta ko waiwaye shi ba.

"Kai da yayanta ku fita waje," ta ce. "Ku ja mana ƙofar. Da ita nake son magana."

Abin da ta faɗa min kuwa, masu karatu, sai a rubutu na gaba.